Riƙe Sashen Ba da Lasisi ga Cibiyoyin Jinyar Masu Shaye-shaye: Tambayoyi da Amsoshi

Na shafe shekaru a sashen gwamnati da ke ba cibiyoyin jinyar masu shaye-shaye lasisi, da farko ina cikin masu fita duba, daga baya aka ɗora mini riƙon sashen. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan zuwa mini. Wasu daga sababbin ma'aikata, wasu daga masu cibiyoyi, wasu kuma daga iyayen da suka rasa inda za su sa kansu. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ciwon ɗaya ne, haɗurran ma kusan ɗaya ne.

Mene ne ainihin aikin wannan sashe?

Rubuta ƙa'idojin da cibiya za ta cika kafin ta karɓi majinyaci ko ɗaya, duba ta kafin a ba ta takarda, komawa a sake duba ta bayan an ba ta, sai ɗaukar mataki idan ta karkace. Shugaban sashe ba kasafai yake fita duba ba. Nasa shi ne ya tabbatar duk sufetocinsa mudu ɗaya suke awo da shi, ya sa hannu a kan hukunci, ya kuma tsaya gaban kotu ko majalisa idan an ƙalubalanci hukuncin.

A kuma fahimci iyakar takardar. Lasisi yana nuna cewa cibiya ta kai matakin da ba a yarda kowa ya yi ƙasa da shi ba, shi ke nan. Akwai cibiyoyi masu lasisi da jinyarsu ba yabo ba fallasa, akwai kuma waɗanda suka yi fice.

Ai asibitoci ma ana ba su lasisi. Me ya sa wannan ya fita daban?

Saboda wanda ake yi wa jinyar. Idan mai ciwon sukari ya ce an wulaƙanta shi a asibiti, ana saurarensa. Idan mai shaye-shaye ya ce an ɗaure shi, an doke shi, an hana shi abinci, abin da zai fara ji shi ne, "Ai haka suke, ƙarya ce a bakinsu." Galibi iyayensa ne suka kai shi, su ne suke biya, kuma sun gaji har sun fi gaskata mai cibiya a kan ɗan da suka haifa. Wayarsa tana hannun ma'aikata. Ko bayan ya fito, kunya takan rufe masa baki. Mutumin da ke cikin wannan hali ba shi da mai tsaya masa sai wanda doka ta ba ikon tura ƙofa ya shiga ba tare da neman izini ba.

Abin da kan faru idan babu mai shigar ba ɓoyayye ba ne. A watan Disamba na 2006 gobara ta tashi a wani asibitin masu shaye-shaye a Mosko, mata fiye da 40 suka mutu, tagogi duk ƙarafa, hanyar fita a kulle. A Janairun 2012 a Lima, babban birnin Peru, aƙalla mutum 27 suka mutu a wata cibiya marar lasisi da aka kulle su a ciki, kuma a watan Mayu na shekarar wata gobarar ta ci mutum 14 a wata cibiyar a wajen birnin. A Janairun 2019 aƙalla 17 suka mutu a Guayaquil ta ƙasar Ekwado. A duk waɗannan wurare an samu mutane a bayan ƙofar da ba za su iya buɗewa ba.

Idan ka shiga cibiya, me kake fara dubawa?

Ƙofa. Kafin in karɓi fayil ko ɗaya, sai na zaga ɗakunan kwana na ga ta wane ɓangare sakata take, ciki ko waje. Idan na ga gurbin kwaɗo a waje, ko da an cire kwaɗon saboda zuwanmu, sai in tambayi wanda yake riƙe da makulli da ƙarfe biyu na dare da kuma inda yake kwana. Daga nan sai akwatin magani: a ƙirga ƙwayoyin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya a gwada da abin da littafi ya ce. Sannan jadawalin ma'aikatan dare, domin kusan duk wani mugun abu da na taɓa bincika da dare ya faru.

Akwai wata cibiya da ba na mantawa da ita. Fenti sabo, furanni a bakin ƙofa, fayiloli a jere. Na buɗe littafin awon jini da bugun zuciya na waɗanda ake yanke wa giya, na ga kowace awa huɗu an cike gurbinta. Sai dai biro ɗaya ne, rubutun hannu ɗaya, lambobin ma kusan iri ɗaya, dare uku a jere. Na kira nas ɗin gefe na ce, "'Yar'uwa, ke kaɗai kika yi kwana uku ba ki runtsa ba?" Ta sunkuyar da kai, can ta ce, "Yallaɓai, da safe nake cikewa. Da dare mai gadi ne kawai." Na ce a kawo mini na'urar awon jinin, aka kawo ta babu batir. Ban ɗora mata laifin duka ba, aikin rana aka ɗauke ta, aka kuma ce ta cike takardar dare. A ranar muka dakatar da su daga karɓar duk mai buƙatar yanke giya har sai sun sa nas da dare.

Tun daga lokacin nake gaya wa sababbin sufetoci cewa littafin da ya cika tsaf, babu gogewa babu gurbi, ya fi wanda aka ɗan yi kuskure a cikinsa buƙatar tambaya.

Yanke ƙwaya ba juriya kawai yake buƙata ba? Me ya kawo maganar likita da nas?

Wannan fahimtar ta kashe mutane da yawa. Wanda ya daɗe yana shan giya mai yawa kullum, idan aka yanke masa lokaci guda, jijjiga irin ta farfaɗiya na iya kama shi cikin kwana biyun farko. Wajen kwana na biyu zuwa na huɗu wasu sukan shiga rikicewar hankali mai tsanani, da gane-gane, da zazzaɓi, da bugun zuciya, kuma tana kisa idan ba a yi magani ba. Ƙwayoyin barci da kwantar da hankali dangin diyazefam ma haka suke, a hankali ake rage su. Mai yanke giya yana kuma buƙatar bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwarsa daga lahanin da ba ya gyaruwa. Duk cibiyar da ke karɓar irin waɗannan mutane ba tare da likita da nas da hanyar garzayawa asibiti ba, caca take yi da rayukansu.

Dangin ofiyom, wato hiroyin, mofin, kodin, tiramol, fentanil, labarinsu daban. Yankewar tana da azaba, amai da gudawa da ciwon ƙashi da gumi da rashin barci, amma ba kasafai take kisa ba. Kisan yana jira ne a waje. Bayan mako biyu ko uku babu ƙwaya, jiki ya sauka daga sabon da ya yi. Idan mutum ya fito ya sha adadin da ya saba sha a da, numfashinsa na iya tsayawa. Shi ya sa makonnin farko bayan sallama daga cibiya, ko fitowa daga gidan yari, suna cikin lokuta mafi haɗari a rayuwar mai wannan ciwo.

Don haka ƙa'idar da na fi dagewa a kanta ita ce ta sallama. Kada a sallami mai shan dangin ofiyom sai an gaya masa wannan haɗarin baki da baki, an haɗa shi da inda zai ci gaba da jinya, an kuma ba shi nalokson, maganin da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne wa numfashi, a nuna wa wani na gida yadda ake amfani da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2014 ta ba da shawarar a sa shi a hannun duk wanda zai iya tsintar kansa a wurin da abin zai faru. A Amurka, daga Maris 2023 an amince a sayar da na fesawa a hanci ba sai da takardar likita ba.

Metadon da bufurenofin ba musanya ƙwaya da ƙwaya ba ne?

Wannan ce muhawarar da ta fi cin mini lokaci, kuma na san da yawa daga masu faɗin haka da zuciya ɗaya suke faɗa. Amma mai riƙe da sashen lasisi hujja yake bi. Metadon da bufurenofin magunguna ne na dangin ofiyom da likita yake ba mai wannan ciwo don su kwantar masa da ƙishirwar ƙwaya da azabar yankewa. Likitoci biyu, Vincent Dole da Marie Nyswander, su suka fara gwada jinya da metadon a New York a tsakiyar shekarun 1960. Tun daga nan bincike ya yi ta taruwa, kuma abin da ya nuna shi ne, wanda ke kan metadon ko bufurenofin haɗarin mutuwarsa yakan ragu da kusan rabi idan aka gwada da lokacin da ba ya kan maganin. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su biyun a jerin muhimman magunguna. Mutumin da ke kan adadin da ya dace ba ya buguwa. Yana zuwa aiki, yana renon 'ya'yansa, ba ya yawon neman abin da bai san me aka zuba a ciki ba.

Matsayina shi ne, cibiya tana iya cewa ita ba ta ba da waɗannan magunguna, amma ba ta da ikon ɓoye wa majinyaci cewa akwai su, ko ta tilasta wa wanda ya zo a kansu ya daina kafin ta karɓe shi. Mace mai ciki kuwa abin ya fi tsanani, domin shawarar likitoci ita ce ta zauna a kan maganin, yankewar gaggawa tana iya cutar da ita da abin da ke cikinta.

Ɗaya ɓangaren ma gaskiya ne. Metadon yana kisa idan aka yi saurin ƙara shi a makonnin farko, ko aka haɗa shi da giya ko ƙwayar barci, ko kwalbar ta faɗa hannun yaro a gida. Saboda haka cibiyoyinsa suka fi shan duba. A Amurka ba a ba da shi don jinyar shaye-shaye sai a cibiyoyi na musamman da hukumar kula da shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa, SAMHSA, ta tantance, hukumar yaƙi da fataucin ƙwayoyi, DEA, ta yi wa rajista, jiha kuma ta amince. Shekaru da dama yawancin majinyata sai sun je kullum sun sha a gaban nas. Da annobar korona ta zo a 2020 aka sassauta, aka bar waɗanda suka daidaita su tafi gida da na kwana 28, kuma a 2024 aka mayar da sassaucin ƙa'ida ta dindindin. Wannan ya koya wa irinmu cewa wasu dokokin da muke riƙe da su gam tsoro ne ya rubuta su.

Mene ne bambancin lasisi da takardar shaidar inganci?

Lasisi na gwamnati ne, dole ne, kuma rashinsa laifi ne. Shaidar inganci ƙungiya mai zaman kanta ce take bayarwa, irin su CARF da Joint Commission a Amurka, kuma cibiya ce take nema ta biya. Tana da amfani, amma ba ta sauke wa gwamnati nauyinta, domin waɗannan ƙungiyoyi ba su da ikon rufe ƙofar kowa. A Ingila hukumar CQC ce take yi wa cibiyoyi rajista, ta duba su, ta wallafa rahoton kowa ya karanta. Wallafawar nan na ga amfaninta ƙwarai, mai cibiya ya fi tsoron rahoton da iyaye za su gani a kan tarar da zai biya a ɓoye.

Daga ina ake samo ƙa'idojin?

Ba a fara daga farar takarda. Hukumar Lafiya ta Duniya da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da harkar ƙwayoyi da laifuka, UNODC, sun fitar da ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na jinyar masu shaye-shaye, bugun da aka sabunta ya fito a 2020. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka, ASAM, tana da ma'aunin da ke raba jinya mataki-mataki, daga mai zuwa ya koma gida har zuwa wanda sai an kwantar da shi likita na kansa. Amfanin rabawar shi ne kowace cibiya a ba ta lasisin matakin da za ta iya. Wadda ke ba da shawara da zaman tattaunawa kada ta karɓi mai buƙatar yanke giya, ko da gadonta a buɗe yake.

Sauran aikin na zama ne da mutane: likitoci, masu cibiyoyi, iyaye, da waɗanda suka taɓa kwanciya a irin waɗannan wurare. Na ƙarshen nan su suka fi gyara mana daftari. Wani daga cikinsu ne ya nuna mana cewa ƙa'idarmu ta ce a liƙa lambar kai ƙara a bango, amma ba ta ce a bar majinyaci ya taɓa waya ba.

A sanar da cibiya kafin a zo, ko a faɗo mata ba zato?

Dukansu. Dubawar farko da ta sabunta lasisi ana iya sanarwa, domin ana buƙatar shugaba da takardu su kasance a wurin. Amma sashen da ba ya zuwa ba zato, da dare da ranakun hutu, abin da aka shirya masa kawai yake gani. Kuma a yi magana da majinyata su kaɗai, sufeto ne zai zaɓi wanda zai gani, ba ma'aikaci a bakin ƙofa.

Idan iyaye ne suka kawo mutum da kansu, ba a iya tsare shi ko ba ya so?

Baligi mai hankalinsa ba a tsare shi don iyayensa sun sa hannu. Inda doka ta yarda da jinyar tilas, takan ɗaure ta da sharuɗɗa: haɗari na kusa ga ransa ko na wani, binciken likita, ɗan lokaci ƙayyadadde, da damar ɗaukaka ƙara. Mai cibiya ba alƙali ba ne. A Maris 2012 hukumomi 12 na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa suna kira a rufe cibiyoyin tsare masu shaye-shaye na dole, saboda babu hujjar suna warkarwa, ga kuma duka da aikin ƙarfi da aka yi ta samu a cikinsu.

Na san ciwon da ke zuciyar iyaye. Wata uwa ta taɓa zama a ofishina tana kuka, ta ce, "Ɗana, kai ba ka san abin da na gani ba. Gara yarona ya zauna a ɗaure da a kawo mini gawarsa." Na ce, "Mama, na yarda kin ga abin da ban gani ba. Amma ɗaurin nan ranar da aka kwance shi, jikinsa ya manta ƙwayar, zuciyarsa ba ta manta ba, ranar ce na fi ji miki tsoro." Mun daɗe muna magana. Abin da ya sauko da ita shi ne da na ba ta sunayen wurare uku da za su karɓe shi ba tare da sarƙa ba. Iyaye ba sa barin mugun wuri sai an nuna musu wani.

Duka, tozartawa a gaban jama'a, aske kai don horo, hana barci, duk ba jinya ba ne ko da an sa musu suna mai daɗi. Ƙungiyar Synanon da Charles Dederich ya kafa a Kalifoniya a 1958 ta shahara da zaman da ake taruwa a zazzage mutum da zagi wai don a karya girman kansa. An yi ta yabonta, cibiyoyi da yawa suka kwaikwaye ta. Ƙarshenta ta rikiɗe ta zama ƙungiyar tsoratarwa, har a 1978 mabiyanta suka sa maciji mai dafi a akwatin wasiƙun wani lauya da ya yi nasara a kansu a kotu.

Ta ina kuɗi yake ɓata wannan harka?

Duk inda ake biyan kuɗi a kan kowane gado, wani zai fara farautar masu cike gadon. Jihar Fulorida ta Amurka ta ga wannan da idonta a shekarun 2010. Dillalai suna karɓar la'ada a kan kowane majinyaci mai inshora da suka kawo, ana yi wa mutum gwajin fitsari sau da yawa a mako ana tura wa inshora lissafi mai nauyi, wasu ma idan kuɗin jinyarsu ya ƙare sai a bar su su koma shaye-shaye don a sake buɗe sabon lissafi. Jihar ta tsaurara dokarta a 2017, a 2018 kuma majalisar tarayya ta haramta karɓa ko biyan irin wannan la'ada.

Darasin shi ne sufeto ya duba fiye da gini da magani. Wa ya mallaki cibiyar a zahiri? An taɓa rufe masa wata da wani suna? Ta wace hanya majinyata suke zuwa? Me tallarsu take alkawari? Cibiyar da ta ce tana warkar da kowa cikin kwana kaza, daga tallar ma an samu abin tambaya.

Yaushe ake rufe cibiya?

Akwai matakai kafin a kai nan: takardar gyara mai wa'adi, tara, hana karɓar sababbi, lasisin wucin gadi. Yawancin cibiyoyi a matakin farko suke gyarawa, kuma haka ake so. Rufewar gaggawa ta inda rai ke cikin haɗari ce yanzu-yanzu, kamar ɗauri, cin zarafi, ƙofar da ba ta buɗuwa, ko mutuwar da aka ɓoye.

Amma rufewa ma tana da nata haɗarin, kuma da kuskurena na koyi wannan. Farkon riƙona na sa hannu aka rufe wata cibiya da yammacin ranar aiki ta ƙarshe a mako. Hujjarmu ba ta da ƙura, har yau ban yi nadamar hukuncin ba. Abin da ban yi ba shi ne tanadin inda mutanen za su. Aka kira iyaye, wanda aka samu nasa ya tafi, wasu suka kama gabansu. Cikinsu akwai wani saurayi da ke kan bufurenofin, fayil ɗinsa yana kulle a ofishin da muka garƙame, babu likitan da zai rubuta masa magani ba tare da shi ba. Kwana uku bayan haka ƙanwarsa ta kira ni daga ɗakin gaggawa na asibiti, muryarta na rawa, ta ce an tsince shi a banɗaki ba ya numfashi sosai. Nalokson ne ya dawo da shi. Na ajiye wayar na daɗe ban iya tashi daga kujera ba.

Daga ranar, ba na sa hannu a takardar rufewa sai an haɗo ta da wata: sunan kowane majinyaci, maganin da yake sha, inda zai kwana a daren, wanda zai kai shi, da wanda zai riƙe fayiloli. Idan babu gadaje a wani wuri, wani lokaci gara a cire shugabannin a sa mai riƙon ƙwarya, inda doka ta ba da dama, mutanen su zauna inda suke.

Tsaurara ƙa'ida ba zai rage yawan cibiyoyi ba, alhali ma ba su isa ba?

Zai iya, kuma duk shugaban da bai damu da wannan ba bai san aikinsa ba. Rahoton UNODC na 2024 ya ƙiyasta mutum miliyan 64 ne a duniya ke fama da ciwon shaye-shayen ƙwaya, kuma ɗaya cikin 11 ne kawai yake samun jinya. A mata abin ya fi muni, ɗaya cikin 18. Idan ka rubuta ƙa'idar da ke neman ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ya zauna a kowace cibiya a wurin da irinsu ba su da yawa, babu wanda zai cika ta. Cibiyoyin ba za su ɓace ba, za su koma aiki a ɓoye inda ba ka da ido.

Don haka nake raba ƙa'idoji gida biyu. Akwai waɗanda ba a ciniki a kansu: ba ɗauri, ba duka, hanyar tsira daga gobara, kulawar likita wajen yankewa, tsaron magani, rabuwar makwancin maza da mata da na yara. Sauran, irin faɗin ofis da tsarin fayil, ana ba da lokaci, a kuma koya wa mutane. Cibiyar da ke aiki ba lasisi amma ba ta cutar da kowa, na fi son in jawo ta cikin tsari. Amurka ma ta gane wani shingen nata yana hana jinya: a ƙarshen 2022 ta soke izini na musamman da likita yake nema kafin ya rubuta bufurenofin.

Wane irin mutum ya dace da aikin sufeto, kuma yaya ake kare shi daga sayuwa?

Nas ko ma'aikacin jin daɗin jama'a da ya taɓa aiki a irin wannan wuri ya fi saurin gano abin da aka ɓoye. Ina son mai haƙurin sauraro wanda ba ya jin kunyar buɗe kowace ƙofa. Cin hanci na fili ba ya ba ni tsoro kamar sabawa da wuri. Sufeton da ya shekara biyar yana zuwa wuri ɗaya, ya san 'ya'yan mai cibiya, ana tarbarsa da fara'a, a hankali idonsa yakan daina gani. Maganinsa a riƙa juya su, a tura su bibbiyu, a hana karɓar kyauta komai ƙanƙantarta, kowa kuma ya bayyana idan yana da dangantaka da wata cibiya.

Idan wani babba ya kira ya ce a sassauta wa cibiyar wane fa?

Zai kira, wannan babu makawa. Ina saurarensa da ladabi, in ce, "Ranka ya daɗe, a turo mini a rubuce in sa a fayil." Kaɗan ne suke turowa. Kariyar shugaba ita ce rubutacciyar hujja, hotuna masu kwanan wata, da bin mataki ɗaya ga kowa, ta yadda ko an kai kotu fayil ɗin zai tsaya da ƙafarsa. Kuma kada ya bar sufetonsa shi kaɗai a gaban mai ƙarfi, sa hannun na shugaba ne.

Sufeto yana karanta fayil ɗin majinyata. Ina sirrinsu?

Yana karantawa don ya duba cibiyar, ba ya fita da suna. Bayanin shaye-shaye yana iya raba mutum da aikinsa ko aurensa, ko ya kai shi hannun 'yan sanda, kuma wanda ya ji tsoron haka ba zai zo jinya ba. Amurka tun shekarun 1970 take da doka ta musamman da ta fi ta sauran bayanan asibiti tsauri a kan wannan. Rahotonmu lamba yake ɗauka a madadin suna.

Yaya ake gane sashen yana yin aikinsa?

Yawan lasisin da aka bayar ba ya nuna komai. Yawan waɗanda suka koma shaye-shaye ma ba ma'auni ne mai kyau shi kaɗai ba, domin cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka, NIDA, ta ƙiyasta kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari sukan koma, kusan kamar yadda masu hawan jini da asma suke fama da dawowar ciwonsu. Idan ka hukunta cibiya da wannan, za ta daina karɓar masu ciwo mai tsanani. Abin da nake bi shi ne mutuwa da munanan abubuwan da aka kawo rahotonsu, kwana nawa ƙara take yi kafin a je bincike, laifi nawa aka sake samu bayan an ce an gyara, da mutum nawa aka sallama da magani a hannu da ranar ganin likita. Idan ƙorafi ya ƙaru bayan mun buɗe layin waya, ba na ɗaukarsa koma baya, mutane ne suka samu inda za su faɗa.

Ni uba ne, ko uwa. Me zan tambaya kafin in kai ɗana?

Ka nemi ganin lasisin, ka duba ranar ƙarewarsa da irin jinyar da aka yarda su yi, sannan ka kira ofishin da ya bayar ka tabbatar. Ka tambayi wanda yake kwana da majinyata da dare da abin da ya karanta, da asibitin da suke kai mutum idan ya rikice. Idan dangin ofiyom ɗanka yake sha, ka tambaye su metadon da bufurenofin da nalokson, ka lura da yadda fuskarsu za ta yi. Ka ji yaushe za ka iya magana da shi ba kowa a kusa, da abin da suke yi idan ya ce zai tafi. Kada ka biya sai ka shiga ɗakin da zai kwana, ba wanda suke nuna wa baƙi ba, ka rufe ƙofar da hannunka ka gwada buɗe ta daga ciki. Ka kuma rubuta lambar ofishin lasisi a takarda ka ba shi ya sa a aljihu, ka riƙe kwafi.